Yadda Malam Garba Ya Ƙwace Mini Sana'a

Jiya da yamma da na fito daga kyamis ɗin bakin titinmu, na ji ku 'yan makarantar koyon jinya kuna hira a kan benci. Ɗayarku, mai farin gilashin nan, ta ce ita in ta gama karatu, ɓangaren gashi za ta nema, wai can ne ake hutawa: a kunna fitila, a shafa mai, a danna nan a danna can, a tashi aiki. Sai da na iso gida na yi dariyata ta ishe ni. To yau ga ku kun zo gaishe ni da ƙafafunku. Ku gyara zama, ke mai gilashi matso kusa.

Sunana Maimuna, amma daga Gyaɗi-Gyaɗi har Daurawa Sista mai gashi aka sani. Baƙo in ya ji sunan yakan ɗauka masara nake gasawa a bakin titi, wani kuma ya riƙa satar kallon ɗankwalina. Gashin namu na ƙashi ne da jijiya. Mai ciwon baya, mai shanyewar ɓarin jiki, wanda aka cire wa filasta ƙafa ta ƙi lanƙwasuwa, duk wurinmu ake turo su. Na yi ƙuruciyata a wannan ɓangare a asibitin koyarwa, da na yi ritaya kuma na koma bin gidaje.

Ranar da na fara, wadda ta koya mini aikin, marigayiya Sista Hauwa, ba ta bar ni na taɓa kowa ba. Ta dubi hannuna ta ce in cire zobe da awarwaro, ta miƙo mini reza ta ce in yanke farce. Sannan ta ciro nunannen tumatir daga jakarta, irin wanda ya kusa zama na miya, ta ce in murza shi da tafin hannu har ya yi ɗumi, amma kada fatarsa ta tsage. Na fasa na farko a kan farin yunifom ɗina. Na fasa na biyu. Ta ce, "Maimuna, in kin gama da tumatirin kasuwar Tarauni sai mu koma kan mutane." Ni da na zo da takardar shaida ina taƙama, na ƙare ina wanke jan tabo a famfo. Daga baya na gane nufinta. Akwai jikin da ya fi tumatir ɗin nan rauni, kuma mai shi ba zai ce miki kin danna da yawa ba, don yana jin kunyarki.

Kayan aikin ba su da yawa. Fitilar gashi mai jan haske, robar ruwan zafi, tawul, matasan kai manya da ƙanana, man kaɗanya ko na zaitun. Kowanne kuma yana iya cutarwa. Robar ruwan zafi ba a ɗora ta a fata tsirara, sai an naɗe ta a tawul. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji, za ki iya dafa shi yana miki godiya. Matashi kuwa, wanda kuke rainawa, shi ne babba. Ki sa shi a ƙarƙashin gwiwar mai ciwon ƙugu, ki ga fuskarsa ta sake tun ba ki taɓa shi ba. Kuma kafin komai ki ɗumama hannunki. Mai sanyin hannu ba ta da kasuwa a sana'ar nan.

Na tuna Talatu mai awara, da take suya a bakin wani lungu a Gyaɗi-Gyaɗi. Ta shigo tana tafe a duƙe kamar mai neman allura a ƙasa, ta ce ita allura take so, mai ƙarfi. Likita ya riga ya duba ta, ba karaya, ba wani mugun abu. Na gasa mata bayan, na tausa, ta ji daɗi, bayan kwana kaɗan ta dawo yadda ta zo. Sai na ce bari in ga wurin sana'ar. Na tarar da ita a kan wata 'yar kujera da ba ta kai tsayin bulo ba, kasko a ƙasa, tun hantsi har la'asar tana sunkuye. Na ce a yi mata kujera mai tsayi da abin jingina, a ɗaga murhun, ta riƙa miƙewa tana ɗan zagayawa tsakanin kasko da kasko. Ta riƙe haɓa ta ce, "Sista, na zo asibiti ki tura ni wurin kafinta?" Na ce ƙwarai. Na koya mata kwanciya rigingine tana jawo gwiwa zuwa ƙirji safe da yamma. Har yau in na wuce sai ta ƙulla mini awara, tana cewa kafinta ya fi ni iya aiki.

Masu kuɗi su suka fi wahala. Wata Hajiya, babbar ma'aikaciya, ta kwanta a kan katifa mai laushi ta ce ba za ta motsa ba sai bayan ya warke, ana kawo mata komai har buta. Na ce mata, Hajiya, ciwon baya baƙo ne mai son shimfiɗa, in kika gyara masa gado ba zai tafi ba. Sai da muka yi kamar za mu ɓata kafin ta yarda ta riƙa taka tsakar gida.

Amma ku riƙe wannan da kyau. Ba kowane ciwon baya ake gasawa ba. In ciwon bai lafa ko an kwanta, in ƙafa ta fara mutuwa, in fitsari ya fara kufcewa, in mutum yana ramewa ba dalili, ko kuma ya taɓa yin ciwon daji, to ki ajiye manki, ki mayar da shi wurin likita a ranar. Rabin sana'ar nan sanin inda ba a taɓawa ne.

Aikin da ya fi zama mini a rai shi ne na gidan Malam Garba a Babban Giji. Tsohon hedimasta ne, dogo, mai murya, irin mutanen da ko gaisuwa suke yi sai ka ji kamar ana kiran suna a aji. Matarsa, Hajiya Sa'a, an yi mata aikin ciwon daji na mama, an kuma fara yi mata ƙarin ruwan maganin da ake kira kemo. Likitarta ce ta ce a nemi wadda za ta riƙa zuwa gida. 'Ya'yansu duk sun yi aure, suna Abuja da Kaduna, gidan daga ita sai shi.

Ranar farko Malam ya tare ni a soro ya ce, "Sista, ki faɗa mini gaskiya. Tausar nan tana kashe ciwon?"

Na ce, "A'a, Malam. Ciwon na likita ne da maganinsa, waraka kuma ta Allah. Ni aikina in rage mata wahalar maganin, don ta iya jurewa har ta gama."

Ya ce, "To shigo. Da kin ce tana kashewa, da daga nan za ki juya."

Maganin nan yana aiki, amma yana cin jiki. Hajiya ba ta iya jin ƙamshin miya sai zuciyarta ta tashi. Bakinta ya yi gyambo, gashin kanta ya zube, hannun ɓarin da aka yi aikin ya kumbura har awarwaro ya ƙi shiga. Abin da nake yi ba ya da kwarjini. Kunu kaɗan-kaɗan sau da yawa maimakon kwano guda. Ruwan ɗumi da ɗan gishiri na kurkure baki. Shayin citta marar ƙarfi, bayan na tambayi likita ta ce ba laifi, tare da ƙwayar hana amai da aka rubuta mata, ba a madadinta ba. In zuciyar ta taso, mu zauna tana jan numfashi a hankali tana tasbihi har abin ya wuce. Hannun nan mai kumburi ba a gasa shi, ba a matsa shi. A ɗora shi a kan matashi, a riƙa shafa fatar sama-sama zuwa kafaɗa. Ƙafafu kuwa nakan shafa musu man kaɗanya in murza a hankali, nan ne take samun barci. Duk wannan Malam yana soro da rediyonsa. Mutumin zamaninsu ne, yana sayo duk abin da aka ce, amma ɗakin jinya a ganinsa na mata ne.

Ana cikin haka shekarar nan mai wuya ta zo. A ƙarshen damina wata mura ta shigo gari, ba irin wadda ake sha da shayi a wuce ba. Zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, tari mai kwana a ƙirji. In ta shiga gida sai ta bi kowa. Gidajen da nake zuwa da yawa suka ce in dakata, wasu ni na ce musu na dakata. Likita ta ja mana kunne a kan Hajiya. Ta ce maganin ya karya mata garkuwar jiki, murar da za ta kwantar da mai lafiya kwana kaɗan ita tana iya tafiya da ita, kuma in jikinta ya yi zafi ko kaɗan, kada a tsaya shan komai a gida, a kawo ta. Ta sa aka yi wa Malam allurar rigakafin mura, ni ma na yi, ita Hajiya kuma aka yi mata a lokacin da likitar ta ga ya dace.

To ku kun san mu da dubiya. Mutum ya kwanta, dangi su cika ɗaki, a rufe taga kada iska ta taɓa shi, kowa ya kama hannunsa ya yi masa addu'a, wani da goyo yana zubar da majina. Alheri ne, amma a shekarar nan alherin yana iya kisa. Na ajiye buta da sabulu a bakin soro, na rataye takunkumi a ƙusa, na buɗe tagogi. Na ce mai tari ko atishawa ya tsaya a tsakar gida ya yi sannu ta taga, wanda zai shiga ya wanke hannu, kuma kada a wuce mutum biyu. Ranar na ga fuskoki iri-iri.

Wadda ta fi jin haushi ita ce Gwaggo Dije, yayar Malam, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ta sauka daga adaidaita sahu da jarkar jiƙo a hannu, ta dubi butar, ta dube ni.

Ta ce, "Ke, yarinya, alwala za a sa ni a gidan ƙanena?"

Ni da furfurata, na zama yarinya. Na ce, "Gwaggo, ba don ke ba ce, don ƙofar adaidaitar da kika riƙe ce. Ba mu san wa ya riƙe ta kafin ke ba."

Ta wanke tana ƙunƙuni. Jarkar kuwa na karɓa da hannu biyu, na ce za mu nuna wa likita tukuna, don wani sassaƙen yana faɗa da maganin asibiti a cikin hanta. Ta ce tun kafin a haifi likitar ake shan sa. Na ce gaskiya ne, amma lokacin ba a haɗa shi da kemo. Likita ta ce a ajiye, aka ajiye a bayan randa.

Sai ga shi murar ta kama mai dokar. Allurar tana rage kaifinta, ba ta yi alkawarin hanawa gaba ɗaya ba. Na tashi da safe maƙogwarona kamar an zuba yashi, jiki yana rawa. Dokar da na kafa ta hau kaina. Na kira Malam a waya na ce ba zan shigo ba sai na warke sarai.

Ya ce, "To wa zai yi mata? Jiya ba ta runtsa ba sai da kika murza ƙafar."

Na ce, "Kai, Malam."

Ya ce, "Ni? Sista, ni alli na sani."

Na ce, "Allin ma da hannu ake riƙe shi."

Da zazzaɓin ya sauka na iya tsayuwa, na sa takunkumi na je na tsaya a tsakar gida, nesa da taga, da matashi a hannu ina nuna masa. Shi yana ciki, ya naɗe hannun riga, ya sa tabarau kamar zai duba jarrabawa. Ya kama ƙafar Hajiya ta farko, ta saki ƙara.

Ta ce, "Malam, ƙafa ce, ba kunnen ɗalibi ba."

Na ce ya sassauta. Ya sassauta har ya zama ba ya taɓa ta, ta ce cakulkuli yake mata. Ya zuba man da zai soya kaza. Gumi ya jiƙa masa hula. Da ya zo kan hannun mai kumburi, sai ya ƙura masa ido, don tun da aka yi aikin bai taɓa kallon ɓarin nan da kyau ba. Ya tsaya. Hajiya ta kawar da kai gefe. Na ce, "Malam, kamar kana share ƙura daga kan littafi mai tsufa." Ya ɗora hannun, ya shafa zuwa sama. Ya sake. Can na ga idon Hajiya ya rufe. Ya ɗago ya dube ni ta taga, ya yi mini alama da yatsa wai in rage murya, ni da ban ce komai ba.

A cikin kwanakin ne Gwaggo Dije ta dawo, wannan karon tana tari har tana dafa bango. Ba na nan, Hajiya ce ta ba ni labari daga baya, ta ce tana jin su ta taga. Malam ya tsaya a ƙofar ɗaki ya cika ta.

Gwaggo ta ce, "Garba, matsa."

Ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri, yau ba za ki shiga ba."

Ta ce, "Ni da na goya ka a bayan nan?"

Ya ce, "Ke kika goya ni, kuma ban taɓa ƙin maganarki ba. Amma in kika shiga da tarin nan wani abu ya same ta, ke ce ba za ki yafe wa kanki ba. Ga kujera, ga taga, ki zage ni daga nan tana ji."

Ta zauna kuwa, ta zage shi tas, tun daga ƙiriniyarsa ta yarinta har rowar da ya yi a bikin 'yarta. Hajiya ta ce rabonta da dariya irin ta ranar tun kafin a gano ciwon. Da Gwaggo ta gama, ta yi wa Hajiya addu'a doguwa ta taga, Malam ya sa ta a adaidaita ya kai ta asibiti da kansa, ya dawo ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya shiga ɗaki. Murar ta bi layinsu gida-gida, har ta yi ajalin wani dattijo maƙwabcinsu, Allah ya ji ƙansa. Ɗakin Hajiya ba ta shiga ba. Hajiya ta sha maganinta a kan lokaci har ta gama.

Da na warke na koma da jakata, ina jin kaina. Na wanke hannu, na ɗumama, na kama ƙafar Hajiya. Ban yi nisa ba ta ɗan motsa.

Ta ce, "Sista, ba haka Malam yake yi ba."

Na ce, "Yaya yake yi?"

Ta ce, "Shi daga diddige yake farawa. Kuma ba ya sauri."

Malam yana bakin ƙofa yana duban silin kamar ba da shi ake ba. Na tashi na ba shi wuri, na koma riƙe masa kwalbar mai. Daga ranar zuwana ya koma na leƙe, in duba hannun, in sha shayi, in tafi. An sallame ni a aikin da na tsufa a cikinsa, kuma wanda ya karɓe kujerar ɗan koyo ne mai furfura.

Hajiya ta samu wasu shekaru masu kyau. Gashinta ya fito, ta je sunan jikokinta a Kaduna, ta koma dafa wa Malam miyar kuka. Wata rana ya kira ni ya ce tana kukan baya, kuma ciwon ba ya lafawa ko ta kwanta. Ya ce bai gasa ba, bai murza ba, ga su nan a hanyar asibiti. Ciwon ne ya dawo ta ƙashi. Likitoci sun yi nasu, an rage mata raɗaɗi, shi kuma bai fasa nasa ba. A gadon asibiti ma, da izinin masu jinya, yakan ja labule ya zauna a ƙarshen gado da kwalbar mansa. Ƙafarta tana hannunsa Allah ya karɓi abarsa.

Bayan an share makoki da 'yan watanni, na ji sallama a ƙofar gidan nan da muryar nan da ba ta ɓuya. Na fito na tarar da Malam da wani mutum mai faɗin kafaɗa yana ta sunkuyar da kai. Malam ya ce maƙwabcinsa ne, makaniki, an fara yi wa matarsa kemo a makon nan, ba ta barci.

Na ce, "To sai in shirya in je."

Ya ce, "Za ki je, amma ba don haka muka zo ba." Ya kamo hannun mutumin ya juya mini tafinsa, duk kanta da baƙin mai. "Ɗalibi na kawo miki. Hannun kamar na mai faskare, na sani. Nawa ma haka yake da na fara. Ke ki nuna masa sau ɗaya, sauran ni zan bi shi."

Na ce su shigo. Malam ya tsaya a bakin soro, ya dubi makanikin ta saman tabarau, ya ce, "Kai, ina za ka? Wanke hannu tukuna."